Amsa ga 'yar'uwarmu da al'adarta ta rikice

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi tambayarki ta sosa min rai, don ni ma na san wannan zaman zullumin. Kin ce wani lokaci jinin kan dawo bayan kwana 26, wani lokaci sai ya kai 45, ya taɓa ɗauke miki wata biyu cur, gwajin ciki bai nuna komai ba, yanzu kuma an kawo miki maganin wankin mara. Don Allah ki ajiye kwalbar nan tukuna.

Ki fara da lissafi, nan yawancinmu muke rikicewa. Ba daga ranar wankan tsarki ake ƙirgawa ba. Ranar da jini ya fara zuba sosai ita ce rana ta 1, ki yi ta ƙirgawa har ranar da ya sake dawowa. Ga babbar mace, daga kwana 21 zuwa 35 duk lafiya ne, ba dole sai 28 ba, zubar kuma kwana 2 zuwa 7. Wannan wata 27, na gaba 31, ba abin damuwa ba ne. Amma tsakanin 26 da 45 akwai kwana 19, alhali bambancin da ake ɗauka daidai bai wuce kwana 7 zuwa 9 ba. Naki yana son a duba shi. Ki nemi ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar farawa, ranar ɗaukewa, audugar mata nawa kika canja a yini, akwai gudaji ko babu. Rubutun wata uku ya fi dogon bayani a gaban likita.

Ƙwai kan fita ne kamar kwana 14 kafin jini na gaba. In ƙwai ya makara, jini zai makara. In bai fita ba sam, sai ki ga wata ya wuce shiru. Saboda haka abin nema shi ne me ke hana ƙwan fita a kan lokaci, ba wai wani datti ne ya taru a mara ba.

Ba ki faɗa mana ko kina tazarar haihuwa ba. Allurar Depo ta wata uku tana ɗauke jini gaba ɗaya ga mata da yawa, kuma bayan an daina, jiki kan kai kusan shekara kafin ya daidaita. Robar da ake sawa a hannu ita ma tana kawo ɗigo-ɗigo ko shiru. Ƙwayar gaggawa ta hana ɗaukar ciki irin su Postinor-2 da Lydia kan ja jini gaba ko baya, balle ga mai shan ta a kai a kai. Sai Primolut N da 'yan mata ke saye a kemis da sunan N-tablet: takan sa jini ya zubo 'yan kwanaki bayan an daina sha, sai a ɗauka an warke, alhali ba ta taɓa ainihin matsalar ba. Shayarwa ma tana ɗauke jini, haka damuwa mai tsanani, rama farat ɗaya ko ƙiba farat ɗaya.

In babu ko ɗaya, ki duba jikinki. Gashi a haɓa, ƙuraje a fuska, wuya ya yi baƙi a baya, ƙiba ta tsaya a tumbi, alamun PCOS ke nan, wato rikicewar sinadaran jiki da kan hana ƙwai fita a kan lokaci. Ruwan nono yana fita ba ki shayarwa, a auna sinadarin nono a jini. Yawan gajiya, jin sanyi ko faɗuwar gaba, kumburi a wuya, a auna aikin thyroid, wato ɗan kullutun da ke gaban maƙoshi mai fitar da sinadarai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu shiga mota da ƙaramar lasifika, kwalba ɗaya wai tana maganin sanyi, basir, ƙari da rashin haihuwa. Ba su tambayi shekarunki ba, ba su tambayi ranar jininki na ƙarshe ba. Mace ta ba da kuɗin cefanenta, ta yi ta gudawa kwana da kwanaki, ta ɗauka dattin ne ke fita. In kuwa akwai ƙaramin ciki da gwaji bai riga ya kama ba fa? Ga dangin miji a gefe, kowane suna aka je sai an kalli cikinki, sai an ce "har yanzu shiru?" Wannan kallon ne ke tura mace ta sha abin da ba ta sani ba. Allah Ya isar wa matan da aka cuta ta haka.

Ki sake gwajin ciki da fitsarin asuba bayan mako guda. Ki sabunta katin inshorar lafiya ta Ghana (NHIS) ta hanyar danna *929# a waya, ki je asibitin Manhyia, Suntreso ko Tafo a Kumasi, wanda ya fi miki kusa. In da bukata su za su tura ki babban asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Ki tafi da littafinki da kwalin duk maganin da kika sha. Za a iya yi miki sikanin, a duba yawan jini da sinadarai. Idan PCOS ne, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kan taimaka ga mai ƙiba, kuma mata masu shi suna haihuwa. Kada dai ki bari wata uku ya wuce ba jini kina zaune, don ga mai PCOS fatar cikin mahaifa takan yi kauri.

Akwai wanda ba a jira gari ya waye: auduga tana jiƙewa duk awa ɗaya har awa biyu a jere, ko jiri, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara bayan ɓatan wata. Wannan na ƙarshen zai iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma yana kisa.

Maganar salla kuwa, a mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya haura istihala ne, sai ki yi wanka ki ci gaba da ibada. Ki kai wa malamarku ta islamiyya littafin nan ta lissafa miki gwargwadon kwanakin da kika saba. Kuma ki dawo ki faɗa mana shekarunki da ko kina kan allura.