Tambayi Likita: ƙullutun kunne, fatar ciki bayan haihuwa da allurar ƙugu

Tambaya: Assalamu alaikum likita. 'Yata mai shekara 17 an yi mata huda ta biyu a saman kunne bara. Wurin ya fito da ƙullutu mai tauri kamar gyaɗa, yanzu ya kusa kai goro, ga ƙaiƙayi. Wani mai kemis ya ce zai yanke mata shi. In bari? Daga wata uwa a Talata Mafara.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bari. Abin da kika kwatanta shi ne kiloyid, tabon da jiki ke ci gaba da tara masa nama bayan rauni ya warke, har ya zarce iyakar raunin. Ya fi kama baƙar fata, musamman tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma yana bin jini a wasu gidaje. Kunne, ƙirji, kafaɗa da haɓa su ne wuraren da ya fi so. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa.

Yanka shi kaɗai sabon rauni ne, wanda ya fi hudar farko girma. Shi ya sa fiye da rabin waɗanda aka yanke ba tare da wani magani ba suke dawowa, sau da yawa ma sun fi na da. Haka ɗaure shi da zare ko gashin doki, ko ɗiga masa ruwan batir, duk ƙara masa abinci ne.

Ƙaramin kiloyid ana fara masa da allurar Kenacort a cikin naman tabon kansa, mai ƙarfin miligiram 10 zuwa 40 a kowace mililita, duk bayan mako 4 zuwa 6, kamar sau uku zuwa shida. Akwai zafi, don naman yana da tauri. Ƙaiƙayin ne ke fara tafiya, sannan ƙullutun ya yi laushi ya kwanta. Idan mai allurar ya kuskure ruwan ya zube a fatar da ke kewaye, wurin zai yi fari ya lotsa. Wanda ya kai goro kuwa sai likitan gyaran fata ya ƙwaƙule cikinsa, ya bar fatar da za ta rufe wurin ba tare da ɗinkin ya ja ba, a bi da allurar, sannan yarinya ta riƙa sa ɗan kunne mai matsewa aƙalla awa 12 kullum, wata shida zuwa shekara. A nan ne yawanci ake faɗuwa: ana ganin kunne ya yi kyau sai a daina zuwa asibiti. Ku fara da babban asibitin tarayya na Gusau, idan ana bukata za su tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Kuma kada a sake yi mata huda ko'ina.

Tambaya: Likita, haihuwata biyar, ta ƙarshe da tiyata. Cikina ya saki yana reto, ko na rame bai komawa. Na ji ana zuƙe kitse, zai yi mini? Daga Birnin Kebbi.

Amsa: 'Yar'uwa, abu uku ke sa ciki ya fito bayan haihuwa, kowanne da aikinsa. Ki kwanta rigingine, ki ɗan ɗaga kai, ki danna yatsu a saman cibiya. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse a wani kwari, tsokokin ciki guda biyu ne suka rabu. Idan kika kama fatar ta taho siririya mai yamutsewa, fata ce ta yi yawa. Idan kuma ta cika hannu da kauri, kitse ne.

Zuƙar kitse na ukun kawai take magani. Ana ɗura ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, a zura siririn bututu ta ƙananan huji a janye kitsen. Wuce lita 5 a zama ɗaya haɗari ne babba. Mai sakakkiyar fata idan aka zuƙe mata, cikin zai ƙara zama kamar buhun da aka juye.

Bayaninki ya fi kama da mai bukatar aikin ɗame ciki. Ana yanka daga ƙashin ƙugu zuwa ɗaya ƙashin a ƙasan mara, a ɗinke tsokokin da suka rabu, a yanke rarar fata, a fito da cibiya ta sabon huji. Tabon dogo ne kuma ba ya ɓacewa. Za ki yi kwanaki da robar tsiyayar ruwa, mako ɗaya ko biyu kina tafiya a ɗan duƙe, mako shida ba ɗaukar kaya, ba daka, ba jan guga. Abin da ya fi faruwa shi ne taruwar ruwa a ƙarƙashin fata. Abin da ya fi kisa shi ne jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu, don haka ake tayar da mara lafiya ta taka tun ranar farko.

Kada ki yi sai kin gama haihuwa, don sabon ciki zai warware ɗinkin, kuma sai jaririn ƙarshe ya kai wata shida zuwa shekara. A auna jininki, suga, hawan jini da sikila. Ki faɗa wa likita idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa. Mai shafa man bilicin ma ta faɗi gaskiya, mun roƙe ta: yawancinsu na ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri, ɗinki ya ƙi kamawa, rauni ya buɗe ya yi ruwa.

Tambaya: Wata mai gyaran amare ta ce tana allurar ƙara ƙugu a gida, sau uku an gama. Bikina ya kusa. Daga Gusau.

Amsa: Amarya, ki guje ta. Abin da ake ɗurawa a irin wannan allura yawanci man silikon ne ko wani mai da ba a san asalinsa ba. Jiki ba ya narkar da shi. Yana yawo a cikin nama, ya dunƙule, ya ruɓar da fata bayan watanni ko shekaru, kuma babu likitan da zai iya kwashe shi duka. Idan ya shiga jijiyar jini, numfashi na iya tsayawa nan take. Ko aikin da ƙwararru ke yi na ɗebo kitsen mace a mayar mata a mazaunai yana cikin mafi haɗarin ayyukan kwalliya, domin kitsen da ya shiga cikin tsoka yana iya bin manyan jijiyoyi zuwa huhu, shi ya sa ƙa'ida ta koma a zuba shi ƙarƙashin fata kawai. Duk mai son taɓa jikinki da allura ko wuƙa, ki nemi shaidar rajistarsa da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ki tambaya wa zai ba da maganin barci, kuma akwai iskar oksijin da jini a ajiye.

Tambaya: Ana iya goge bille? Daga wani matashi a Argungu.

Amsa: Ɗan'uwa, rage shi ake yi. Bille guda ana iya yanke shi a ɗinke da siririn zare ya koma layi mai bin lanƙwasar fuska, a cire zaren bayan kwana 5 zuwa 7. Zane mai yawa irin na gado ya fi wuya, kuma gogewa da na'urar lesa, mai aiki da haske mai ƙarfi, kan bar baƙi ko fari a fatarmu. Idan kana da kiloyid ko akwai shi a danginku, ka bar billenka yadda yake.