Namun Daji a Hoto: Sai Lalle an Je Kenya?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Kafin Hausa. Ɗalibaina suna yawan tambayata game da hotunan zakuna da giwaye na Masai Mara da Serengeti da nake nuna musu a waya. Shin akwai inda zan ɗauki irinsu da hannuna a ƙasar nan, alhali ba ni da kyamara sai wayar?

Amsa: Malam, akwai, amma ka cire zaki daga lissafi. Dajin Kenya da Tanzaniya fili ne fetal mai gajeriyar ciyawa, shi ya sa ake hango dabba daga nesa, namu kuwa kurmi ne da dogayen ciyayi, kuma zakunan da suka rage a Yankari kaɗan ne ƙwarai.

Shawararmu ita ce ka fara da abin da ke kusa da kai. Dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, yana karɓar tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai, galibi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su haɗu da na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Ka shiga kwalekwale bayan sallar asuba tare da masunci wanda ya san wurin, ka juya wa rana baya, ka zauna shiru har tsuntsayen su manta da kai. Kada ka matsa wa waya ta jawo abin da ke nesa, domin hoton zai dushe. Zalɓe guda da ya tsaya cak a bakin ruwa, inuwarsa na ƙarƙashinsa, ya fi garken da ya fito ɗigo-ɗigo.

Idan giwa kake so, sai Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Ka je a ƙarshen rani, tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe kuma ƙishirwa ke kora giwa da ɓauna da gwanki zuwa Kogin Gaji. Ba a sauka daga mota sai da izinin jami'in gandun, musamman idan giwa tana tare da ɗanta. Birai kuwa za su same ka har masauki a Wikki, don haka ka riƙe wayarka da guzurinka da kyau.

Dajin Falgore na kudancin Kano ya fi Yankari kusa, sai dai wajibi ne ka tambayi hukuma halin tsaro kafin ka nufe shi.