Amsoshin tambayoyinku: kuɗin makamai, sirri da asiri, da kurar da ke shan bugu

Tambayoyin wannan makon kusan duk kan kuɗin tsaro suka faɗo, to bari mu ɗauke su yadda suka zo, waɗanda ban kai kansu ba su yi haƙuri.

Wani matashin ɗan jarida daga Kaduna: Malam wanne ya fi dacewa in rubuta, kuɗin makamai sun ɓace, sun salwanta, ko sun yi ɓatan dabo?

Ɗana duk ukun Hausa ne, ba wanda nahawu zai kama ka a kai, amma ciwonsu guda, ba mai aikatawa a ciki. Akuya ce ke ɓacewa don tana da ƙafa, kuɗin da ke asusun gwamnati sai an sa hannu a takarda suke motsi. Salwanta ta ma fi ba ni haushi, don salwanta asara ce irin ta gobara ko ambaliya, wadda za a zo a yi maka jaje a ce Allah ya mayar da alheri, yo wa za a kama kenan? Ɓatan dabo da ɗan dama-dama, don dabo siddabaru ne kuma ba a dabo sai da mai dabo, ko ba komai ka nuna akwai gwani a wurin.

Abin mamaki Hausa ba ta rasa kalmomin da ke nuna hannu ba. Akwai sama da faɗi, akwai rub-da-ciki wanda shi mutum ya kwanta ne a kan abin ya danne ba mai gani, akwai handama ta mai haɗama da ba ya ko taunawa, akwai wawaso in taron dangi aka yi wa kuɗin, akwai karkatarwa in an fitar da su da sunan abu kaza aka kai su wani wuri. Kowacce sai ka faɗi wanda ya yi, shi ya sa ake gudunsu a koma "an ce", "an rasa", "ba a gani ba". Ku tuna hirar da Babagana Monguno ya yi da BBC Hausa a watan Maris na 2021 yana mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, inda aka ji yana nuna cewa sababbin hafsoshi sun zo ba su tarar da makaman da aka ware wa kuɗi ba, kafin gari ya waye sau biyu ofishinsa ya fitar da sanarwa wai ba a fahimce shi ba. Da Hausa fa aka yi hirar, mu da muka ji da kunnenmu aka ce ba mu fahimta ba.

Sai dai kai ɗan jarida ne, kar ka ɗauki wannan ka je ka yanke wa mutum hukunci. Zargi daban, tuhuma daban, samu da laifi daban. Zargi a baki ne ko a rahoto, tuhuma sai an gurfanar da mutum gaban alƙali an karanta masa, samu da laifi kuwa alƙali kaɗai ke faɗa. Maganar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai da ake zargin an karkatar, Buhari ya kafa kwamiti a Agustan 2015 ya binciki sayen makamai tun daga 2007, aka kama Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a Disamban 2015 aka tsare shi har Disamban 2019 duk da belin da kotuna suka yi ta bayarwa, shi kuma ya musanta. To a nan "ana tuhumarsa" za ka rubuta. 'Yan Facebook da ke cakuɗa ukun nan ba su da edita, kai kana da shi.

Wani ɗalibi daga Zariya: Mene ne asalin almundahana?

Larabci ce, almudahana, daga tushen da ke nufin shafa mai, wato lallaɓa mutum da daɗin baki ana ɓoye masa gaskiya. Bahaushe ya ƙara mata "n" ya matsar da ma'anar zuwa cuta a harkar dukiya. Ba kowace sata ce almundahana ba, wanda ya fasa shago ɓarawo ne kawai, almundahana sai da takarda da hatimi da rasit mai kyau.

Wata baiwar Allah daga Gusau: Cin hanci da rashawa abu ɗaya ne?

Ɗaya ne Hajiya, cin hanci namu, rashawa aron Larabci, rediyo ce ta aurar da su har ba a faɗin ɗaya sai da ɗaya.

Wani tsohon soja daga Jos: Malam kullum aka tambayi kuɗin soja sai a ce sirrin tsaro ne. Sirri da asiri ba ɗaya ba ne?

Yallaɓai ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Uwarsu ɗaya, kalmar Larabci sirr. Asiri ya shigo da "al" ɗinsa manne kamar yadda albasa da alƙali da alkama suka shigo, sai dai Balarabe as-sirr yake cewa shi ya sa ba ka jin lam ɗin. Sirri kuma ya shigo tsurarsa ta bakin malamai. Da suka zauna a Hausa sai kowa ya kama gidansa. Sirri abin da ka ɓoye ne don ɓoyewar ita ce daidai, ana riƙe shi, ana ba amintacce. Asiri kuwa rufa shi ake, in ya tonu kunya ce, ban da ɗaya ma'anar tasa ta boka da layu wadda ba ita ta kawo mu ba. Ba ka taɓa jin an ce Allah ya rufa sirri ba, kuma ba ka jin an ce ma'aikaci ya yi rantsuwar riƙe asiri.

To auna da kanka. Hanyar da dakaru za su bi da daddare sirri ce, wanda ke kawo rahoto daga cikin daji sunansa sirri ne, ba mai hankalin da zai nemi a karanta su a rediyo. Amma nawa aka sayi takalmi, sojoji nawa ne a takardar albashi nawa ne a bariki, ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin harsashi ya kawo ko bai kawo ba, wannan in an hana kwamitin majalisa da odita janar gani ba sirri ake riƙewa ba, asiri ake rufawa, kuma a nan ne karin maganar nan ta mai kaza a aljihu ba ya jimirin as take zama daram, don "as" ɗin korar kaza ce kawai ba da shi ake ba amma sai ka ga ya zabura.

Doka ma ta ba da ƙofa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta cire kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya amince a bi su. Ga kuɗin tsaron da gwamnoni da wasu manya ke karɓa ba a bin bahasi, wanda ƙungiyar yaƙi da cin hanci ta Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara. Ko jiragen Super Tucano 12 da suka iso a 2021, dala miliyan 496 aka cira daga asusun rarar mai a 2018 aka biya Amurka sannan aka rubuta wa majalisa, har wasu sanatoci suka fara maganar tsigewa. Jiragen sun zo, ba wanda ya ce ba su zo ba, amma neman izini bayan an gama sunansa sanarwa.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi: Ku kuna cewa biliyan mu muna cewa miliyar, wanne ne Hausa?

Malama ba ko ɗaya, namu na Ingilishi naku na Faransanci, kowa da wanda ya mulke shi. Kakanninmu dubu suka sani da zambar, in abu ya wuce nan sai a ce ba ya ƙirguwa. Inda ake samun ruɗani shi ne dala, ku dalarku sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu, mu in mun ce dala ta Amurka muke nufi, sai mai fassara ya kula. Kuma tunda kin kawo miliyar, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaronku wanda ya fito a 2020 miliyar 76 na sefa ya ambata, bayan an rasa sojoji 71 a Inates a Disamban 2019 da 89 a Cinagodar a Janairun 2020, har aka yi zanga-zanga a Yamai ran 15 ga Maris kasuwar Tagabati ta kama wuta aka rasa rayuka. Abu biyu rahoton ya nuna, kayan da aka biya ba a kawo ba, da ƙarin farashi. Na biyun yana da suna mai kyau, aringizo, ku riƙa amfani da shi. Cushe kuma shi ne a tura abin da babu shi cikin kasafi tun daga farko.

Wani direba daga Potiskum: "Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi" ko "da kwasar kuɗi"?

Duka ana faɗa, kwasa ta fi armashi don a ƙasa 'yan kallo ke zuba kuɗin. Gardi shi ne mai wasa da kura, ita ke sanye da takunkumi tana shan sanda shi ke cika aljihu. Na san inda ka dosa. A watan Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari a Maiduguri suka harbi motar kwamandansu bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a Disamba ta yanke wa wasu 54 kan ƙin fita yaƙi alhali kukansu rashin kayan aiki ne, daga baya a 2015 aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. Karin maganar ta hau, illa dai ka san wurin faɗinta, soja ba zai ji daɗi ka kira shi kura a gabansa ba.

Wani daga Kumasi: "In ɓera da sata daddawa ma da wari" ta dace da wannan zance?

Ta dace in kana nufin tsarin da aka bari ba mai dubawa shi ma da laifinsa. Amma na lura masu kare ɓeran sun fi kowa son ta.

Wata ɗaliba daga Katsina: Hafsan soja yana da alaƙa da sunan Hafsatu?

Haba 'yata. Hafsa daga ofisa ne na Turanci, kamar yadda saje da kofur da samanja da farabiti suka shigo ta bariki.

Wani ma'aikacin ƙungiya daga Abuja: Muna fassara takarda, mun sa "gaskiya da riƙon amana" a wurin kalmar Turanci mai nufin yin abu a buɗe, ya yi?

Bai yi ba Alhaji. Gaskiya da amana halin mutum ne, mai amana zai iya riƙe maka dukiya shekara goma bai nuna maka lissafi ba kuma bai ci ko kwabo ba. Abin da kuke nema shi ne a baje lissafin kowa ya gani ko mai riƙon na kirki ne ko ba na kirki ba, wannan ƙeƙe-da-ƙeƙe ne, ko ku ce a faifai. Aikin majalisa sa ido, aikin odita bin diddigi. Na ga wasunku na rubuta bin ƙwaƙƙwafi, a cire shi, wannan na maƙwabcin da ke son sanin abin da aka dafa a gidanka ne.