Amsa kan takardar shaida ga mai neman karatun likita

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce ƙanwarka ta gama sakandaren kimiyya, tana son karatun likita, kuma wani ya gaya muku wai sai an samo mata takarda daga hannun hakimi ko ɗan majalisa kafin a dube ta. Kana tambayar wa ya kamata ya rubuta, me kuma ake so a ciki. Ni malamin bayoloji ne a nan yankin Ringim, na daɗe ina rubuta wa ɗalibai irin waɗannan takardu.

In dai ta hanyar JAMB za ta bi, ko BUK ta nufa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ABU Zariya, wasiƙar wani ba ta cikin abin da ake auna ɗalibi da shi. Makinta na UTME, wato jarrabawar JAMB, ake dubawa, cikin 400, a Turanci, fizik, kemistiri da bayoloji. Sai kiredit biyar na WAEC ko NECO, wato waɗannan huɗun haɗe da lissafi, kuma makarantun likitanci da yawa sun fi son a same su a zama ɗaya. Daga nan sai tantancewar da jami'ar ke yi da kanta. Tun 2017 gurbin karatu ta CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbi, yake fitowa, kuma hukumar MDCN mai kula da aikin likita a Najeriya ta ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, shi ya sa gasar take da zafi haka. Wallahi yana yi mini ciwo in ga uba ya sayar da buhun riɗi ya yi ta zarya gidan wani babba, ya wuni a zaure yana jiran sa hannu, alhali yarinyar ko linzamin kwamfuta ba ta taɓa riƙewa ba, ga jarrabawar kuma a kwamfuta ake yin ta. Wancan kuɗin gara a kai ta gari ta koyi amsa tambayoyi a kan na'ura.

Bayan an samu gurbi ne ake neman takardu wajen rajista: testimoniyal daga firinsifal, shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa. Wasu jami'o'in kan ƙara da wasiƙar shaidar hali, to a nan dagaci ko limami ko wani babban ma'aikaci zai iya tsaya mata.

Inda wasiƙar ke da nauyi na gaske shi ne neman tallafin karatu da makarantun ƙasashen waje. A Ingila ta UCAS, cibiyar neman gurbin jami'o'insu, ake nema, wasiƙa ɗaya tak suke karɓa, daga makarantar ɗalibi, kuma masu son likitanci a tsakiyar Oktoba ake rufe musu, tun kafin sauran. A tsarinsu akwai wurin da malami zai bayyana halin da makarantar ke ciki, wanda ya yi mana daidai mu na karkara. Amurka kuwa sai an yi digirin farko an rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, tukuna. Galibi wasiƙa uku suke so, biyu daga malaman kimiyya, kuma marubucin ne zai tura da kansa, ba ta hannun ɗalibi ba. Wannan bai shafe ta yanzu ba.

Ko ina ne dai, wanda ya koyar da ita shi ya kamata ya rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan majalisa bai taɓa ganin littafinta ba, iyakarsa sakatare ya buga layi uku, an ce yarinya ce mai ladabi da biyayya, a taimaka mata. Masu karantawa sun ga irinta ba adadi. Malamin kemistiri kuwa zai iya cewa ya koyar da ita daga aji huɗu zuwa shida, ga matsayinta a cikin aji, ga yadda take yi in abu ya ba ta wuya. Akwai wata ɗalibata da na rubuta wa: madubin ganin ƙwayoyin halitta guda ɗaya ne mai aiki a ɗakin gwajinmu, ita ce take tsayawa bayan an tashi ta yanka fatar albasa siririya, ta daidaita madubin da hasken taga, ta kira ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya ta nuna musu. Da hutu kuma tana zuwa asibitin sha-ka-tafi na garinsu tana taya su rubuta katin awon ciki. Abin da na sa ke nan, ban ƙara gishiri ba. Kada ku yarda a rubuta abin da ba ta yi ba, domin ana iya tambayar ta a intabiyu.

Da Turanci za a rubuta, shafi ɗaya ya isa, a kan takarda mai ɗauke da sunan makaranta, da kwanan wata, sa hannu da hatimi. A sa lambar waya da imel ɗin malamin waɗanda yake dubawa, don wasu wuraren saƙo suke aiko masa kai tsaye, in bai amsa ba fom ɗin ya tsaya. Ku je masa da wuri, wajen wata guda kafin a rufe, ku kai masa sakamakonta da bayanin wurin da take nema. Malamanmu ana yawan yi musu canjin wurin aiki, to ku karɓi lambarsa tun yanzu.

Sai batun suna, wanda ya fi wahalar da yaranmu. A WAEC an sa sunan gari a ƙarshe, a NIN an sa na kaka, wani wuri Aisha, wani wuri Aishatu. Ku jera takardunta duka ku duba harafi-harafi kafin a buga wasiƙar, abin da ya saɓa a gyara shi tun kafin ta yi rajistar JAMB.

Ka gaya mana wace makaranta ko wane tallafi take nema, sai in faɗa maka ainihin takardun da za ku haɗa. Allah Ya ba ta sa'a.