Amsa: Manajan gida ya ƙi bin takardar umarnina, in bar lig ɗin?

Ɗan'uwa wallahi ina karanta tambayarka raina yana ƙara ɓaci. Ka ce a lig ɗinku na Strat-O-Matic, wasan baseball da ake yi da katuna da dais, manajan gidan da ya buga maka wasannin waje a madadinka ya yi watsi da takardar umarninka ya ƙona maka mai jifa (mai jefa ƙwallo) da yawan saka shi, kana tambaya ko ka kai ƙara ko ka tattara katunanka ka tafi. Kar ka tafi ko'ina, in ka tafi wani ne zai gaji tim ɗin da ka sha wahalar haɗawa, shi kuma mutumin ya ci bulus.

Ni abin da aka min ya ma fi naka. A 2023 ina riƙe da katin mai jifa Edwin Díaz na kakar 2022, duk wanda ya riƙe katin nan a Strat-O-Matic ya san abin da nake faɗa, inin (zagayen wasa) 62 ya jefa ya fitar da mutum 118, in dais fari ya faɗa 4, 5 ko 6, wato katin mai jifa za a duba, sai dai mai bugu ya koma benci. Dokar lig ɗinmu ba ka wuce inin ɗin da mai jifa ya jefa a gaske da kashi goma cikin ɗari, wato 68 gare ni duk kakar, ina ta lallaɓa su kamar man girki a ƙarshen wata. Na rubuta ɓaro-ɓaro: Díaz sai inin na tara, kuma sai muna gaba da uku ko ƙasa da haka. Bawan Allahn da ya buga min wasannin waje sai ya saka min shi ana cinmu 9 da 1, ya bar shi inin uku cur, washegari ya sake maimaitawa, kafin a gama wasa huɗun nan ya cinye min inin bakwai a banza a wofi. Da na yi magana wai saƙon ya shiga spam bai gani ba. To in ba ka gani ba a ina ka samo jerin masu buguna da ka bi daidai ɗaya bayan ɗaya? Har yau bai amsa min wannan ba. Kuma rukuninmu ɗaya da shi, ya san sarai a ƙarshen kaka za mu sake haɗuwa. Haka kuwa aka yi, lokacin da nake neman mai rufe min wasa babu, na saka wani yaro da katinsa duk ramuka, aka fitar da ni da tazarar wasa ɗaya. Abin da ya fi ci min rai, Díaz ya ji ciwo a gwiwa a watan Maris na 2023 wajen murnar nasarar Puerto Rico a Miami, bai buga ko wasa ɗaya ba a shekarar, ka ga ke nan shekarar da ta biyo baya ba ni da katinsa kwata-kwata. Damar ke nan guda kuma mutumin nan ya ɓarar min da ita, har yana turo min alamar dariya.

Ƙara kam ka kai, amma a gaban kowa a guruf, ba ta bayan fage ba, don kwamishinan lig ɗinmu abokin mutumin nan ne, haƙuri kawai ya ba ni. Ka nemi a cire inin ɗin daga lissafinka ko a sake wasan. Takardar ma daga yau a guruf za ka riƙa saka ta ka ce ya amsa da "na gani" kafin ya taɓa dais. Kuma ka rage tsawonta, masu rubuta shafi biyar su suke ba mugu hanya, ya ce bai gane ba. Wa zai fara, yaushe za a cire shi, wa zai shigo wa bahago, wa aka yarda ya saci bes, shi ke nan.

Maganar ko yana murɗe dais kuwa ka bi a hankali. A gasar gaske ma masu gida suna cin kusan kashi 54, balle a nan da mutum ne zaune yana tunani kai kuma takarda ce ke wakiltarka. Amma in ka ga mutumin a gida zaki ne a waje kuma ko rabi ba ya ci, ka ce wasanku sai ta bidiyo, ya ɗora kyamara kan tebur. Ni dutin dare nake a Bronx amma haka nake tashi in yi, gara in rasa barci. Wasu za su ce a koma na kwamfuta HAL, manajan kwamfutar, ya riƙa jan tim, ni dai ban zo don in kalli allo ba, ƙarar dais ɗin nake so, ko yarana sun san in na baje katuna a falo ba a kunna talabijin.

Wane mai jifan ne ma ya ƙona maka, kuma inin nawa suka rage? Turo min takardar taka ta inbox in duba maka kafin wasanka na gaba.