Me makin Child-Pugh da na MELD suke faɗa game da mai ƙeƙashewar hanta?

Tambaya: Mahaifina yana jinyar ƙeƙashewar hanta a nan Sakkwato, cikinsa ya tara ruwa, idanunsa sun yi launin ɗorawa. Na ga likita ya rubuta a fayil cewa Child-Pugh ɗinsa B ne da maki 8, MELD kuma 17. Shin waɗannan lambobi suna nuna kwanakin da suka rage masa ne? Daga wata mai karatu a Mabera.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan jinya. Ki kwantar da hankalinki, babu lambar da take faɗin ajalin mutum. Abin da waɗannan ma'aunai suke nunawa shi ne yadda al'amari ya kasance ga tarin majinyata masu irin sakamakonsa, domin likita ya san girman haɗarin da matakin da ya kamata ya ɗauka.

Child-Pugh shi ne tsohon ma'auni, wanda Child da Turcotte suka kawo a 1964, Pugh da abokan aikinsa suka gyara shi a 1973. Yana duba abubuwa biyar, wato bilirubin mai jawo shawara, da albumin da hanta take sarrafawa, da saurin daskarewar jini, da yawan ruwan ciki, da ruɗewar ƙwaƙwalwa, kowanne a ba shi maki 1 zuwa 3. Rukunin A yana tsakanin 5 da 6, B daga 7 zuwa 9, C kuwa daga 10 zuwa 15. A ƙiyasin da likitoci suka saba aiki da shi, kusan 80 cikin 100 na 'yan rukunin B suna kai shekara guda a raye, a rukunin C kuwa ba su kai rabi ba.

Shi MELD an samar da shi ne a asibitin Mayo da ke Amurka, kuma tun 2002 ake amfani da shi a can wajen tsara wanda za a fara yi wa dashen hanta. A tsarinsa na asali, daga gwajin jini kawai ake lissafa shi, wato bilirubin da kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda da INR mai auna saurin daskarewar jini, makinsa kuma daga 6 zuwa 40 ne, yana hasashen haɗarin watanni uku masu zuwa. A binciken da aka fi ambata, kimanin 6 cikin 100 na masu maki 10 zuwa 19 ne suka rasu a wannan tsakani.

Wurin da nake son ki fi mai da hankali shi ne makin nan yana hawa yana sauka. A zafin bazarar Sakkwato, majinyacin da yake shan maganin sa fitsari kuma ya yi gudawar kwana biyu zai iya bushewa, ƙodarsa ta galabaita, MELD ya yi sama ba tare da hantar ta ƙara lalacewa ba. Haka ma ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a kemis, da jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya suke kawowa da kyakkyawar niyya, duk suna iya tura mutum daga B zuwa C cikin 'yan kwanaki. Ma'aunin yana da rauninsa kuma, domin dattijon da ya rame, tsokarsa ta zube, kiriyatinin ɗinsa yakan yi ƙasa, sai makin ya nuna sauƙin da babu shi. Shi ya sa a ganina likitan da ya taɓa cikin majinyaci, ya sa shi ya miƙa hannuwa ya ga ko suna karkarwa, ya fi wanda ya tsaya ga takarda kawai.

Ki tambayi likitansa ko an gano musabbabin ciwon, domin a ƙasarmu ƙwayar cutar hanta ta B, wato hepatitis B, ce kan gaba, kuma maganin tenofobir yakan sa makin wasu ya sauko bayan watanni. Idan ita ce, ku duka 'yan gida ku yi gwaji, wanda ba ya ɗauke da ita a yi masa rigakafi. In kuwa kika ga Baba ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko zazzaɓi ya zo da ciwon ciki, ko yana barci da rana yana surutai da dare, ku kai shi asibiti nan take, kada ku jira ranar da aka ba ku ta ganin likita.