Amsa ga Alhaji kan zuwa gindin dutsen Eberest

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, ranka ya daɗe, ka tambaya ko mutum na iya zuwa gindin Eberest a Nepal cikin mako guda. To gaskiya ba ya yiwuwa. Ka ware kwana 12 zuwa 14.

Da farko biza. Mai fasfon Najeriya, Ghana ko Kamaru ba a buga masa a filin jirgin Katmandu, sai ya nemo ta tun kafin ya tashi. Lokacin zuwa kuma Maris zuwa Mayu, ko Oktoba da Nuwamba. Yuni zuwa Satumba damina ce, gajimare kawai za ka kalla. Daga Katmandu ƙaramin jirgi ne zuwa garin Lukla, inda ake fara tafiyar da ƙafa, kaya kilo 15 duka-duka, kuma hazo na hana shi tashi, don haka ka bar kwana 2 a ajiye.

Abin da ke kayar da mutane ba gajiya ba ce, ƙarancin iska ne. Garin Namche Bazar da ke kan hanya na kan tsayin mita 3,440, sansanin masu hawa da ke gindin dutsen kuwa 5,364, inda iskar da ke shiga jini ta ragu kusan rabi. Da ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. Shi ya sa ake kwana biyu a Namche, a sake biyu a ƙauyen Dingboche da ke can gaba. Ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita a rai: tsaya, kada ka ƙara hawa. In mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko yana haki a zaune, a sauko da shi nan take, ko da tsakar dare ne. Ka yanki inshorar da ta haɗa da ɗauka a helikwafta.

Wannan kuma namu ne: a yi gwajin jini na sikila (genotype). Mai sikila ya haƙura. Mai AS ma ya ga likita, don saifa na iya toshewa a can sama.

Nama ka bar shi. Ba a yanka a yankin, daga ƙasa ake goyo shi kwanaki ba firji, ga kuma batun yanka. Ka riƙe dal bat ɗinsu, shinkafa da miyar wake, ana ma ƙari kyauta.

Af, daga sansanin ba a ganin ƙololuwar sosai fa. Sai ka hau tudun Kala Patar da asuba.